Ranar da bakina ya ce tayoyi sun fito alhali ba su fito ba

Wani ƙanina ne da ya fara koyon tuƙin jirgi bana ya kira ni da daddare, murya duk ta canza, wai shi fa yana ganin harkar nan ba tasa ba ce, tashi ba ya ba shi wahala amma da an ce a juyo a fara shirin sauka sai kansa ya kulle, ga rediyo na magana ga malami na magana ga takardar cekilis, wato jerin abubuwan da ake dubawa, a cinya ga ƙasa na ta matsowa. Na ce masa kwantar da hankalinka, babu wanda bai bi ta nan ba. Bayan mun ajiye waya na daɗe barci bai ɗauke ni ba ina tuna nawa lokacin, shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta yadda abin ya kasance min tun daga farko, don mai shirin shiga wannan layi ya san abin da ke gabansa, kar ya zubar da kuɗi da watanni a kan ruɗanin da ni na zubar. Ba zan faɗi sunan makarantar da na yi ba ko na malamina, Kaftin kawai muke ce masa, dattijo ne da ya daɗe yana jan manyan jirage kafin ya dawo koyarwa. Masu tambayar ina ake karatun, a Najeriya akwai kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964, akwai ta Ilori, da yawa kuma suna fita Afirka ta Kudu ko Amurka, amma maganar sauka ko'ina ka je ita ce dai.

Kafin ka taɓa jirgi sai ka bi ta hannun likita, kuma ba kowane likita ba, sai wanda hukumar NCAA mai ba da lasisin matuƙa ta amince da shi. Na je da sassafe ban karya ba saboda gwajin jini, aka ɗibi jini da fitsari, aka auna zuciya da wayoyin nan da ake mannawa a ƙirji, aka sa ni a wani ɗan ɗaki da abin kunne ina danna maɓalli duk sanda na ji ƙara, sannan aka zo kan ido. Wurin idon nan gabana ya fi faɗuwa, akwai wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala da lambobi a ɓoye a ciki, in ba ka rarrabe ja da kore sosai ba za ka ga lambar ba. A lokacin na ɗauka tsanantawa ce kawai, sai daga baya na gane rabin shirin sauka da launi ake karanta shi. Ka yi wannan gwajin kafin ka biya ko kwabo a makaranta, kuma in da tuƙin kake son cin abinci ka nemi takardar likita ta mataki na ɗaya kai tsaye. Da ta fito aka haɗa da hotuna da takardar haihuwa da fom ɗin makaranta aka tura neman lasisin ɗalibi, ana jiran 'yan makonni amma ba zaman banza ba ne tunda kana aji.

A ajin ne aka raba mana cekilis, wata 'yar takarda ce da aka liƙe da leda, an jera duk abin da za ka duba a kowane mataki, kafin tada inji, kafin tashi, kafin sauka, bayan sauka, har kashe inji. Ni kuma da na taso a makarantar allo da Islamiyya ina ganinta na ce ai wannan hadda ce, kwana uku na zauna na haddace ta tas, na je wajen Kaftin na karanto masa ba gargada. Ya saurara har na dire sannan ya ce, "Madalla yarona, kanka na ja. To amma da ka ce mai yana kan tanki biyu, ina idonka yake?" Na ce yana kanka ranka ya daɗe. Ya ce, "To ka ga matsalar." Wallahi ban gane ba a ranar, har na ɗan ji ba daɗi a raina. Shi ne ya ba mu labarin inda abin ya samo asali, ranar 30 ga Oktoba 1935 a filin jirgi na Wright da ke jihar Ohayo a Amurka, kamfanin Boeing ya kawo sabon jirgin yaƙi mai inji huɗu da ake kira Model 299 don sojoji su gwada. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, ƙwararre ne na gaske, amma aka manta ba a cire makullin da ke riƙe wutsiyar jirgi don kar iska ta riƙa kaɗa ta a ƙasa ba, jirgin ya tashi ya miƙe sama ya faɗo ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu har da shi Hill ɗin. Da aka duba aka ga ba rashin iyawa ba ne, jirgin ne ya fi ƙarfin mutum ya riƙe komai nasa a ka, sai aka rubuta 'yar takarda. Jirgin nan shi ya zama B-17 da aka yi yaƙin duniya na biyu da shi.

Da ƙaramin jirgin nan Cessna 172 muka fara. Bayan darussan farko na miƙewa da juyawa da hawa da gangarowa sai aka shiga zagaye, wato ka tashi, ka juya hagu, ka ƙara juyawa ka bi gefen titin jirgin kana ƙafa 1,000 sama da filin, iska na bayanka, ka juya, ka ƙara juyawa ka fuskanci titin ka sauka, taya na taɓa ƙasa ka ba shi wuta ka sake tashi. Duka-duka minti shida ne ko bakwai. Kuɗin jirgi kuma da awa ake biya, agogon yana fara ci tun daga tada inji, ko tsaye kake kana jiran hasumiya ta ba ka izini kuɗinka ne ke tafiya, ga man ƙananan jiragen nan daga waje ake kawo shi, dala na motsawa kuɗin awa zai motsa. To a ɗan wannan gefen da iska ke bayanka, wanda da ƙyar ya kai minti ɗaya da rabi, nan ake son ka gama shirin sauka. Ka taka birki ka ji yana da ƙarfi kuma ba a ɗaure yake ba, ka ambaci tayoyi duk da na Cessna a kafe suke ba sa shigewa ciki, maɓallin nan mai launin ja da ke daidaita mai da iska ka tura shi ciki gaba ɗaya, ka tabbatar mai na kan tanki biyu kuma akwai wanda zai isa ko an fasa sauka, agogunan inji suna kan kore, ka jawo zafin kafireta, bel a ɗaure, ƙofofi a kulle. Zafin kafiretan nan da farko na ɗauka don ƙasashen sanyi aka rubuta shi, ina ƙanƙara za ta fito a inda muke haɗa zufa. Ashe in mai yana zama tururi a cikin kafireta sanyi yake haifarwa sosai, in akwai laima a iska irin ta damina ko zafi ya kai digiri 30 ƙanƙara na iya taruwa ta shaƙe injin, kuma an fi samun haka daidai sanda ka rage totur, wato lokacin sauka.

Abin da na riƙa yi shi ne in ɗauko takardar in sunkuyar da kai, in karanta layi ɗaya in yi, in karanta na biyu in yi, kafin in ɗago jirgi ya zube ƙafa 200 ko ya karkata ya nufi wani wajen, na wuce inda ya kamata in rage wuta, daga nan komai sai ya koma gaggawa, in shigo fainal, wato miƙewar ƙarshe da ake fuskantar titi, ina sama da yawa da gudu da yawa, Kaftin ya karɓa ya ce mu sake zagayowa. Awa uku na ƙona a haka. Ina komawa ɗaki in kwanta in kama lissafin filin da mahaifina ya sayar ya biya min, abinci ma ba ya shiga. Rana ta huɗu Kaftin bai bari mun tashi ba, ya ja ni muka je muka zauna a jirgin da ke ajiye a rumfa, wannan ba a biyan ko sisi. Ya ce, "Yarona, takardar nan ba ita za ta yi maka aikin ba, ita mai duba aiki ce. Hannunka zai fara bin komai a hanya ɗaya kullum, daga ƙasa inda makunnin mai yake ka hauro ka bi gaban jirgin, idonka na waje kana ɗan leƙowa. In ka gama sai ka ɗaga takardar saitin idonka, ba kai za ka sunkuya mata ba, ka ga ko akwai abin da hannu ya tsallake." Wannan shi ne kullin da ban kwance a aji ba, ashe amfani da cekilis iri biyu ne. Akwai inda ake karantawa ana yi layi-layi, kamar in kana ƙasa ko wata matsala ta taso da ba ta gaggawa ba, akwai kuma inda ake fara yi sannan a karanta don tabbatarwa, shirin sauka na biyun ne. Na ɗauki hoton gaban jirgin na buga shi babba na manna a bango, kullum bayan isha'i in zauna a kujera in yi zagaye goma da hannu da baki har da maganar rediyo. Cikin sati ɗaya abin ya zauna. Ina zuwa saitin bakin titi in rage wuta juyin inji ya dawo wajen 1,500 a minti, in sauke filaf mataki na farko, filaf shi ne ɓangaren bayan fiffike da ke lanƙwasowa ƙasa ya ba jirgi damar tafiya a hankali ba tare da ya faɗo ba, sai gudu ya shiga farin layin agogo, ƙasa da not 85, da not ake auna gudun jirgi, sannan in ƙara sauran, in juyo da not 70, in shigo fainal da not 65 ina kallon fitilu huɗun nan na gefen titi da ake kira PAPI. Biyu fari biyu ja kana daidai, duka fari ka yi sama, duka ja ka yi ƙasa da yawa ka ƙara wuta tun da wuri.

Ina dab da solo, wato tashin farko ni kaɗai ba malami, sai hunturu ya shigo da ƙurarsa. Dokar tashi da ido tana son ka iya hangen aƙalla kilomita 5, mu zo da asuba cikin yunifom mu zauna a benci muna kallon sama fari fat, ƙarfe goma a ce mu koma sai gobe, kusan wata guda muna haka, ga kuɗin ɗaki da na abinci na tafiya ga hannu na sanyi. Duk mai shirin farawa ya sa wannan a lissafinsa. Amma a zaman nan ne na koyi ɓangaren shirin sauka da ke zuwa tun kafin ka hango filin. Sai ka fara jin yanayi, manyan filaye suna da tashar rediyo mai maimaita shi da ake kira ATIS, ƙanana kuma hasumiya ce za ta faɗa maka, ina iska ta fito, ƙarfinta nawa, wane titi ake amfani da shi. Jirgi iska yake fuskanta in zai sauka, lambar titi kuma daga kamfas aka ɗauko ta, shi ya sa za ka ji babban titin filin Malam Aminu Kano ana ce masa 06 ta wannan kai 24 ta wancan, in iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas ta 06 za ka shigo. Sai wata lamba da ake kira QNH, nauyin iskar wurin kenan, da ita kake saita agogon tsayi. Kuskuren lamba ɗaya kusan ƙafa 28 ne, na goma kusan ƙafa 280. A watan Mayun 2022 wani Airbus A320 da ke shirin sauka a Faris aka ba shi 1011 a maimakon 1001, ana ruwa ba sa ganin ƙasa, saura ƙafa 6 su taɓa ƙasa tun ba su kai titi ba, Allah ya kiyaye. Tun daga nan duk lambar da aka ba ni sai na rubuta ta a takardar cinyata, na maimaita wa hasumiya, na saita, sannan na kalli agogon da ido na sake faɗa.

Solo ɗin kansa ya zo lafiya. Mun yi zagaye uku da Kaftin ya ce in tsaya a gefe, ya sa hannu a littafina da takardar izini, ya duba lasisin ɗalibi da takardar likita suna jikina, ya fita ya rufe ƙofa ya ce, "Zagaye ɗaya, Allah ya tsare." Na karanta cekilis da ƙarfi ni kaɗai kamar yana nan. Da na sauka na kashe inji sai da na yi minti biyu ƙafafuna na rawa kafin na iya fitowa.

Abin da ya sa na yi wannan rubutun kuwa sai bayan fiye da shekara ya faru, na riga na karɓi lasisin farko, na tara awoyi, na koma kan wani tsohon Piper Seneca mai inji biyu wanda tayoyinsa ke naɗewa ciki. A nan akwai ɗan hannu da za ka sauke, ka ji tayoyin sun fita sun daku, fitilu uku su kama kore, ɗaya na gaba biyu na gefe, har da ɗan madubi a jikin injin hagu da za ka hangi tayar gaba. A lokacin ina ji da kaina, ba na ko tunani cekilis ke zubowa daga bakina. Ranar da rana tsaka ne ana zafi, muna gefen titi na kai hannu na sauke hannun tayoyi, daidai wannan daƙiƙar hasumiya ta kira ta ce in tsawaita tafiya kar in juyo, akwai jirgin fasinja a gabana, in faɗa in na gan shi, in kuma yi hattara da guguwar da yake bari a baya. Na leƙa waje ina nemansa, na gan shi, na amsa, na dawo na ci gaba da cekilis daga inda nake zaton na tsaya. Kaftin ya ce tayoyi, da Turanci ake yi amma ma'anar kenan, na ce sun sauka, kore uku. Muka yi nisa muka juyo, na shigo daga nesa da wuta a hannu, na lura gudu ba ya son raguwa kamar kullum amma na ce zafi ne ko iska. A ƙafa 500 akwai dubawar ƙarshe da muke cewa ja, shuɗi, kore, wato jajayen hannayen mai a gaba, shuɗɗan hannayen farfela a gaba, fitilun taya kore, na sake faɗa tsaf. Wajen ƙafa 300 Kaftin ya ce, "Fasa sauka." Na tura wuta, jirgi ya fara hawa, na kai hannu zan ɗaga tayoyi sai ya riƙe min hannu ya ce, "Me za ka ɗaga? Kalli fitilunka." Na kalla. Babu kore ko ɗaya, jar fitilar gargaɗi ce ke ci, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe take ci a gabana. Ashe sanda nake neman jirgin fasinjan nan ya zare fis ɗin famfon tayoyi, hannun ya sauka amma tayoyin na ciki. Ƙahon gargaɗin wannan jirgin kuma ba ya kuka sai totur ya dawo baya sosai, ni ko da wuta na shigo, da sai ina dab da ƙasa zan ji shi.

Ya mayar da fis, tayoyi suka fita da ƙarar da ya kamata tun farko in lura ban ji ta ba, muka sauka ba wanda ya ce uffan. A ofis na zaci faɗa zai yi, bai yi ba, ruwa ya miƙo min ya ce, "Sau biyu ka faɗa min abin da ba ka gani ba. Ba ƙarya ka yi niyya ba, bakinka ne ya riga idonka, kuma wannan ciwon waɗanda suka iya ne, sabon shiga ba ya yinsa." Sai a ranar na gane tambayar da ya yi min ta farko a kan tanki biyu. Ya tuna min da jirgin Pakistan na ranar 22 ga Mayu 2020, A320 daga Lahor zuwa Karaci ana dab da ƙaramar salla, sun shigo a sama da yawa da gudu da yawa, hasumiya ta ja hankalinsu suka ce za su iya, suka dira a titi tayoyi na ciki injuna suka goge ƙasa, suka sake tashi injunan biyu suka mutu, jirgin ya faɗa unguwa, mutum 97 cikin 99 da ke ciki suka rasu. Ya kuma ce kar in ɗauka maganin shi ne in zuba wa fitilu ido in manta da tuƙi, don a Disambar 1972 kusa da Mayami wani babban jirgin Eastern ya faɗa fadama, mutum 101 suka rasu, duk matuƙan sun taru a kan fitilar taya ɗaya da ta ƙi kamawa ba wanda ke kallon tsayi, alhali tayar ta fita, ƙwan fitilar ne ya ƙone. Ya rubuta a fayil ɗina cewa sai na maimaita darasin, awa guda ta inji biyu wadda ta ninka ta Cessna kuɗi, na kira gida na faɗi gaskiyar dalili, kwana biyu ban iya kallon jirgin ba.

Matakin ƙarshe shi ne simuleta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa, na koyon aikin mutum biyu, irin gaban Boeing 737. Na zaci cekilis ɗin babban jirgi zai kai shafi goma, sai na tarar na sauka abu huɗu ne kacal, makunnin tartsatsin inji a kunne, birkin iska a ɗane, tayoyi a ƙasa, filaf a inda aka tsara da koren fitila. Dalili shi ne an riga an yi aikin tun a sama. In kana ƙafa 35,000 wajen mil 105 kafin filin za ka fara gangarowa, mil 3 ga kowace ƙafa 1,000, to kafin nan an ji yanayi, an lissafa gudun sauka bisa nauyin jirgi, an zaɓi ƙarfin birki, mai tuƙi ya yi wa ɗan'uwansa bayanin titin da za a bi, tsayin da in an kai ba a ga titi ba za a fasa, ina za a nufa in an fasa, mai nawa ya rage, wane fili ne na biyu. Ƙasa da ƙafa 10,000 babu hira sai maganar aiki, doka ce da Amurka ta kafa a 1981 duniya ta ɗauka. Ɗaya na karantawa ɗaya na amsawa, amma dukansu biyu sai sun kalli abin. Birkin iskar nan, wato faifan saman fiffike da ke miƙewa in an dira don jirgi ya tsaya, ba ƙaramin abu ba ne, a Yunin 1999 a garin Little Rock na Amurka wani MD-82 ya sauka cikin hadari ba a ɗana shi ba, jirgin ya zarce ƙarshen titi, mutum 11 suka rasu har da kaftin ɗin. Sannan akwai ƙa'idar da na fi so, in kun kai ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko 500 in ana ganin ƙasa, dole gudu ya daidaita, tayoyi da filaf suna inda ya kamata, cekilis ya ƙare, in ɗaya ya rage a fasa sauka, kuma ko ƙaramin matuƙi ne ya faɗa babba zai bi.

To ƙanina da ire-irensa, abin da na ɗauka daga duk wannan, ka koyi hanyar hannu a ƙasa inda ba a biyan kuɗi, kar ka je sama kana koyon inda maɓalli yake. Duk abin da za ka amsa ka ɗora yatsa a kansa ka faɗi abin da idonka ya gani, ba abin da ka saba faɗa ba, in filaf ne faɗi lambarsa kar ka ce an saita kawai. In wani abu ya katse ka a tsakiya, rediyo ne ko malami ko wani jirgi, koma layin farko, daƙiƙa goma ce kawai. In jirgi ya yi maka wani iri, gudu ya ƙi raguwa ko ba ka ji ƙarar da ka saba ji ba, kar ka nema masa uzuri kamar yadda na yi, ka nemi dalili. Kuma kar lissafin kuɗin minti shida ya hana ka fasa sauka, na san yadda yake a rai in ka tuna wanda ya biya, na sha jin wannan nauyin a fainal.

Watan jiya na je sabunta izinin inji biyu da wani mai jarrabawa da ban taɓa tashi da shi ba, a irin wannan Seneca ɗin. Na sauke hannun tayoyi, na ji sun daku, na ɗora yatsa a kan fitilun, sai na ga kamar babu kore. Na ce masa ban ga kore ba, ba zan sauka ba. Na faɗa wa hasumiya za mu fita daga zagaye, na hau sama na daidaita jirgin, na roƙe shi ya sa ido a kan tsayi da waje, na leƙa madubi na ga tayar gaba a miƙe, jar fitila kuma ba ta ci. Na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya sai na tarar fitilun dare a kunne, a irin waɗannan jiragen in an kunna su fitilun taya suna dusashewa yadda da rana ba za ka gan su ba. Na kashe, kore uku suka fito tar. Na ɗauko cekilis daga layin farko, muka dawo muka sauka. A ƙasa ya ce shi ya kunna su, ya sa hannu a littafina, na je ofis na biya kuɗin ƙarin minti goma sha biyu. Da yamma na kira Kaftin na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe, ya ce in gaida mahaifina.